Yadda Ake Raɗa wa Kasuwancin Tsofaffin Sulalla Suna

Mai sayen takalmi yana sawa a ƙafa, in ya matse shi ya sani nan take. Mai sayen tsohuwar kwandala ba shi da wannan gatan. Zai iya juya ta gaba da baya, ya ɗora mata gilashin ƙara girma, ya auna nauyinta, amma sau da yawa ba zai iya rantsewa cewa ba jabu ba ce, ko ba a goge ta da sinadari an ɓata mata daraja ba. In kuma ta intanet ya saya, hoto kawai ya gani, cinikin biri a sama ke nan. Abin da ya sa ya fitar da kuɗinsa duk da haka shi ne sunan da ke kan rasit. Shi ya sa a wannan sana'a suna ya fi ƙarfin ado a allon shago. Shi ne jinginar da ka ajiye wa mai saye, kuma da shi za a neme ka in bayan shekara goma aka gano matsala. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na ɗaya: tantance wane irin dillali ne kai

Kafin ka rubuta ko da suna ɗaya, zauna ka amsa wa kanka abin da za ka sayar da wanda za ka sayar wa. Mutanen waje suna ganin dillancin sulalla abu ɗaya ne, alhali kasuwanni uku ne masu hali daban.

Akwai masu sayar da sulallan zinariya da azurfa saboda ƙarfen da ke jikinsu, irin su Krugerrand na Afirka ta Kudu da aka fara bugawa a 1967. Mai sayen irin waɗannan ajiya yake nema, farashin zinariya na ranar yake dubawa, kuma abin da yake so ya ji a sunanka shi ne tsari da tsaro. Akwai masu sayar wa masu tara sulalla, inda darajar kwandala ke zuwa daga ƙarancinta da lafiyar jikinta da shekarar da aka buga ta. Sannan akwai masu harkar sulallan zamanin da, na Girka da Rum da daulolin Musulunci, waɗanda abokan cinikinsu rabi 'yan kasuwa ne rabi ɗaliban tarihi.

Sunan da zai ja na farko zai iya korar na uku. Wanda ke neman dinaren Banu Umayya ba zai tsaya a shagon da sunansa ke ihun arahar zinariya ba, wanda kuma ke son ya adana dukiyarsa cikin azurfa zai ga sunan Latin mai wuyar faɗa ya ɗauka gidan tarihi ne. Rubuta jimla ɗaya a takarda: ina sayar da kaza ga su wane. Duk sunan da ya zo daga baya, da wannan jimla za ka gwada shi.

Mataki na biyu: yanke shawara kan sunanka na yanka

Nan zan daɗe, domin nan ne shawara mafi nauyi take. In ka duba gidajen da suka fi daɗewa a wannan sana'a, za ka ga yawancinsu sunan mutum suke ɗauke da shi. Spink na Landan yana danganta asalinsa da shekarar 1666. Baldwin's, shi ma a Ingila, ya faro a 1872. Stack's na New York 'yan'uwa biyu ne suka kafa shi a farkon shekarun 1930. Künker na garin Osnabrück a Jamus ya fara a 1971, kuma sunan wanda ya kafa shi ne. Wannan ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Mutumin da ya liƙa sunan mahaifinsa a ƙofa ya gaya wa duniya cewa ba shi da wurin gudu. Kamfani mai sunan ƙirƙira zai iya rufewa yau ya buɗe gobe da wani suna, amma Wane ɗan Wane in ya sayar da jabu, da sunan zai kwana ya tashi. Masu saye sun san haka ko da ba su faɗa ba.

Sai dai abin yana da tsada ta ɓangare uku. Na farko, ranar da za ka sayar da kasuwancin, da sunanka za a saya, kuma daga ranar ba ka da iko da abin da za a aikata a ƙarƙashinsa. Na biyu, tsaro: ka sanar da kowa cewa mai wannan suna yana riƙe da ƙananan kaya masu tsada waɗanda ke shiga aljihu, kuma gano gidan mutum daga sunansa ba wuya a yau. Na uku, haɗin gwiwa. In ku biyu ne ko uku, jera sunayenku yana da daɗi ranar buɗe shago, amma abokan ciniki sukan rabu, wani ya mutu, wani ya shigo. Gidan gwanjon Dix Noonan Webb na Landan ya ɗauki sunaye uku shekaru da dama, a 2022 ya taƙaita ya koma Noonans. Stack's kuwa da ya haɗe da wani gidan a 2011 sai ya zama Stack's Bowers, saboda kowane ɓangare yana da sunan da ba zai yarda a binne ba.

Ra'ayina shi ne: in kai kaɗai ne, kana da niyyar tsufa a cikin sana'ar, kuma masu tara sulalla sun riga sun san ka, sa sunanka. Sunan dangi kaɗai ya isa, ba sai cikakken suna ba, wannan ma yana rage matsalar tsaro. In kuwa kana gina abin da za ka sayar nan gaba, ko kuna da yawa, nemi suna mai zaman kansa, ku kuma rubuta a yarjejeniya tun yau wa zai riƙe shi in an rabu.

Mataki na uku: tara sunaye da yawa, kada ka tace tukuna

Ɗauki kwana biyu ko uku kana rubuta duk abin da ya faɗo maka, har ka kai talatin ko arba'in. Tarihin kuɗi kansa rumbu ne. Sulalla na farko da aka sani an buga su ne a Lidiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, da wani ƙarfe da ya haɗa zinariya da azurfa. Romawa sun buga kuɗinsu kusa da ɗakin bautar Juno Moneta, kuma daga wannan suna ne harsunan Turai da dama suka samo kalmarsu ta kuɗi. Dinare ya samo sunansa daga denariyus na Rum, dirhami daga darakma na Girka. Halifa Abdulmalik bin Marwan ne ya fitar da dinaren da ba shi da hoto sai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya haifar da suna, haka ma sassan kwandalar kanta, kayan aikin awo, ko garuruwan da aka yi fice da buga kuɗi a cikinsu.

Gargaɗi ɗaya: duk abin da ya zo maka cikin minti biyar ya riga ya zo wa wasu ɗari. Sunayen da suka ƙunshi taska, gado, sarauta ko zinariya sun cika kasuwa maƙil. Kuma kada ka aro kalmar tarihi da ba za ka iya bayaninta ba. Masu tara sulalla mutane ne masu son gyara wa mutum kuskure, in ka sa wa shagonka sunan kuɗin wata daula sannan aka tambaye ka ka yi shiru, ka zubar da abin da sunan ya zo ya gina.

Mataki na huɗu: zubar da duk sunan da ya yi alkawarin da ba naka ba

Yanzu tacewa. Fara da sunayen da za su sa a ɗauka kai hukuma ce. Buga kuɗi aikin gwamnati ne, saboda haka ƙasashe suna kishin kalmomin da ke kewaye da shi. A Birtaniya ba za ka yi wa kamfani rajista da kalmar da ke nuna alaƙa da gidan sarauta ba sai da izini, haka ma kalmar banki. A Amurka akwai dokar tarayya da ta hana amfani da sunan Baitulmali ko na ma'aikatar buga kuɗin ƙasar ta hanyar da za ta sa a zaci gwamnati ce ta amince da kayanka. Kowace ƙasa tana da irin wannan jeri na kalmomin da aka killace, kuma hukumar rajistar kamfanoni ce ke riƙe da shi. Nemi na ƙasarka ka karanta kafin ka kamu da son wani suna.

Sai kalmomin da ke jawo idon masu sa ido kan harkar kuɗi: zuba jari, asusu, canji, amintattu. Wasu suna buƙatar lasisi, wasu kuma za su sa banki ya riƙa yi maka tambayoyin da ba na sana'arka ba ranar buɗe asusu. Dama dillalan ƙarafa masu daraja suna cikin waɗanda dokokin hana halasta kuɗin haram ke bibiya a ƙasashe da yawa, ba ka buƙatar ƙara wa kanka kaya.

Sannan kalmomin tabbatarwa. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai shi ne duba kwandala, su tabbatar da ingancinta, su ba ta maki a ma'aunin 1 zuwa 70 da aka samo daga tsarin William Sheldon na 1949, su rufe ta a cikin roba. Manyansu su ne PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Darajarsu ta zo ne daga cewa ba su ne masu sayar da kayan da suka duba ba. In sunanka ya nuna kamar kai ma hukumar tantancewa ce alhali kai mai sayarwa ne, masana za su ɗauke ka mai wayo, kuma a wannan kasuwa wayo zagi ne. Haka nan kada ka kwaikwayi haruffan ƙungiyoyin sana'ar, irin ANA ta Amurka da ta faro a 1891 ko IAPN ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1951. In ka zama mamba, sa tambarinsu a gefe bisa ƙa'idarsu, amma ba a cikin suna ba.

Na ƙarshe a wannan kwandon shara: mafi araha, na ɗaya, mafi girma, da shekarar kafuwa ta ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gaban mutanen da sana'arsu ita ce karanta shekara a jikin ƙarfe.

Mataki na biyar: auna faɗin rigar

Suna linzami ne, inda ya juya nan kasuwanci ke bi. In ka ɗaure kanka da ƙasa ɗaya, ƙarfe ɗaya ko gari ɗaya, ranar da za ka faɗaɗa sai sunan ya riƙe ka. Kusan kowane dillalin sulalla yana ƙarewa da taɓa takardun kuɗi, lambobin yabo da makamantansu, domin wanda ya kawo maka akwatin marigayi kakansa ba ya ware su. Littleton na jihar New Hampshire ya fara ne a 1945 a matsayin kamfanin sayar da kan sarki, da harkar ta juya zuwa sulalla sai da aka canza rabin sunan. Heritage na Dallas ya faro da sulalla, yau yana gwanjon zane-zane da kayan wasanni da abubuwa barkatai, kuma kalmar farko ta sunansa ba ta hana shi komai ba.

Dabarar da na fi so ita ce suna mai gida biyu: kalma ɗaya taka ta kanka wadda ba za ta canza ba, sai bayanin sana'a a bayanta wanda za ka iya sauyawa. Wane, sulalla da lambobin yabo. Gobe in kaya sun ƙaru, bayanin ya canza, Wane yana nan.

Akwai kuma wata sabuwar matsala da dillalan jiya ba su sani ba. Tun da Bitcoin ya fito a 2009, kalmar da Turanci ke kiran kwandala da ita, wato coin, ta koma hannun 'yan kirifto, masu harkar kuɗin intanet. In za ka yi ciniki da ƙasashen waje kuma sunanka ya jingina da wannan kalma kaɗai, injin bincike zai cusa ka cikin dubban shafukan kuɗin intanet, wasu bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ma su yi maka kallon ɗan kirifto. Ƙara kalmar da ke nuna tsufa, tarihi ko ƙarfe na gaske.

Mataki na shida: gwajin baki da kunne

Sunaye biyar ko shida ya kamata su rage. Kira mutum uku a waya, waɗanda ba su san harkar ba, ka faɗi kowane suna sau ɗaya, ka ce su rubuto maka. Wanda aka rubuta iri uku ya faɗi. Bayan kwana biyu ka sake tambayarsu wanne suka tuna.

Duba kuma haruffa. Adireshin intanet da na imel ba sa jituwa da haruffa masu ƙugiya ko ɗigo a sama, shi ya sa Künker ke rubuta sunansa kuenker a adireshinsa. In sunanka yana da ɗ ko ƙ ko ɓ, rubuta shi ba ƙugiya ka ga ko ma'anar ta sauya zuwa abin kunya ko abin dariya. In kana sa ran masu saye daga wasu harsuna, sa mai jin harshen ya faɗa maka yadda sunan ke sauka a kunnensu. Gajerun haruffa irin na APMEX, wani dillalin zinariya da azurfa na Amurka, suna aiki ne bayan an yi shekaru ana talla, sabon shiga da ya fara da haruffa zalla ba wanda zai san me yake sayarwa.

Mataki na bakwai: bincika ko wani ya riga ka

Nan mutane suka fi yin kasala, nan kuma kuskure ya fi tsada. Abubuwa uku ne daban, kuma samun ɗaya ba ya ba ka sauran: rajistar sunan kamfani, rajistar alamar kasuwanci, da adireshin intanet. Hukumar kamfanoni za ta iya amincewa da sunanka, wata shida bayan haka lauyan wani ya aiko maka da takarda cewa ka taka alamarsa.

Bi su a jere. Fara da rumbun hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasarka. Sai rumbun alamun kasuwanci, na ƙasarka da na ƙasashen da za ka riƙa aika kaya. Hukumar WIPO da ke Geneva, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, tana da rumbun bincike na duniya da kowa zai iya shiga kyauta. Ana kasa alamun kasuwanci aji 45 bisa yarjejeniyar Nice ta 1957, kuma uku ne suka shafe ka: aji na 14 inda sulalla da ƙarafa masu daraja suke, aji na 35 na sayarwa da gwanjo, da aji na 36 inda ƙiyasta darajar sulalla ya faɗa. Kada ka nemi suna iri ɗaya sak kawai. Nemi mai kama da shi a furuci ko a rubutu, domin abin da doka ke dubawa shi ne ko mai saye zai ruɗe.

A nan za ka gane amfanin kalmar nan taka ta kanka. Sunan da bayani ne zalla, kamar a ce shagon tsofaffin sulalla, da wuya hukuma ta ba ka shi a matsayin alama, tunda kowane dillali yana da haƙƙin faɗin abin da yake sayarwa. Ba za ka iya hana maƙwabcinka amfani da shi ba.

Bayan rumbunan hukuma, shiga inda 'yan sana'ar suke: eBay, kasuwannin sulalla na intanet, jerin mambobin ƙungiyoyi, tsofaffin kundayen gwanjo. Abin da kake nema a nan ya wuce mai rai. Wani suna babu mai shi a yau saboda mai shi na jiya ya gudu da kuɗin mutane, kuma masu tara sulalla ba sa mantuwa. Rubuta sunan a injin bincike tare da kalmar damfara ko jabu ka ga abin da zai fito. Gadon bashin wani ba abin da za ka ɗauka da hannunka ba ne.

Mataki na takwas: kama shi a rana ɗaya

Da ka tsayar da ɗaya, kada ka yi shela. Sayi adireshin intanet tukuna, shi ne mafi araha kuma shi aka fi saurin ƙwacewa, ka haɗa da rubutun kuskure ɗaya ko biyu da mutanen gwajinka suka yi. Kama sunan a Facebook da Instagram da duk dandalin da za ka yi ciniki, ko da ba yanzu za ka fara amfani da su ba, domin masu damfara suna son buɗe shafi da sunan dillalin gaske su karɓi kuɗin mutane. Sai rajistar kamfani, sai alamar kasuwanci. A yawancin ƙasashe rajistar alama tana ɗaukar shekara goma kafin a sabunta, rubuta ranar a inda ba za ta ɓace ba. Allo, hatimi, rasit da katin shago su ne na ƙarshe. Kada ka biya mai buga su sai takardar hukuma ta shigo hannunka.

Mataki na tara: tanadi suna na biyu, na kan kunshi

Wannan ba a cika faɗa wa sabon dillali ba. Sunan da ka sha wahalar zaɓa don ya ja mai saye, shi ne kuma zai ja ɓarawo in ya gan shi a bayan ambulan. Kunshin da aka rubuta wa sulalla ko zinariya a wurin sunan mai aikawa yana bi ta hannaye da yawa kafin ya isa. Saboda haka gogaggun dillalai suna aika kaya da suna marar launi: haruffan farko na kamfanin, ko wani gajeren suna da ba ya nuna komai, tare da akwatin gidan waya maimakon adireshin shago ko na gida. Wasu kamfanonin inshorar kaya ma suna sa wannan cikin sharuɗɗansu, don haka karanta takardarka kafin ka aika kunshin farko.

Tun kana mataki na shida ka duba ko sunan da ka zaɓa yana taƙaituwa zuwa haruffa biyu ko uku da ba sa tona asiri. In ƙasarka tana buƙatar a yi wa irin wannan suna na biyu rajista, yi masa tare da na farko. Takardar kwastan ta kayan da za su tsallaka iyaka dabam ce, a can dole ka faɗi ainihin abin da ke ciki da darajarsa. Sannan ka sanar da mai saye a saƙon tabbatar da ciniki sunan da zai gani a kan kunshin, kada ya ƙi karɓa a ƙofa yana cewa bai san mai aikowa ba.